Aji biyar da shida a Perth: yaya za a shigar da al'adun Aborijin cikin darasi?

Malamar Aji Biyar

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar firamare a Ostareliya ta Yamma. Aji ne haɗe, 'yan aji biyar da 'yan aji shida, yara 28 masu shekara 10 zuwa 12, a wata makarantar gwamnati da ke gabashin Perth. An ce a zango na biyu, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuli, kowane aji ya shirya wani abu a kan al'adun 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, wanda za a nuna a taron makaranta kafin hutu. Abin da ke cikin tsohon fayil ɗin ajin uku ne: zanen ɗigo-ɗigo a kan farantin takarda, busa didgeridoo, wani dogon abin busa na itace, amma wanda aka yi da bututun roba, sai gasa burodin damper. Kayan duk suna nan a sito.

Jami'ar da ke kula da karatun yaran Aborijin, wadda ake kira AIEO, ta duba fayil ɗin, ta yi shiru, sannan ta ce, "Mu zauna tukuna." Kwana biyu kawai take zuwa a mako. Kafin zaman ina so in gane abin da ke damun ayyukan nan uku, da abin da zai maye gurbinsu wanda zai shiga kimiyya da tarihi da lissafi, don mako goma ne kacal, manhaja kuwa ba ta jira. Akwai kuma yara biyu 'yan Noongar, wato Aborijin na wannan yankin, a ajin.

Tsohon Hedimasta

Wa alaikumus salam, Malama. Shirun nan nata amsa ce, kin kuma kyauta da ba ki tsallake shi ba.

Ciwon fayil ɗin ɗaya ne: cikin ukun babu wanda yake na ƙasar da makarantarku ke kai. Aborijin ba ƙabila ɗaya ba ce. Kafin zuwan Turawan Ingila a 1788 ana magana da harsuna sama da 250 a nahiyar. Ki nemo taswirar harsunan Aborijin ta AIATSIS, hukumar binciken al'adunsu, ki manna a bango, za ki ga ƙasar launi-launi kamar atamfa. Perth ƙasar Whadjuk ce, ɗaya daga rukunoni 14 na mutanen Noongar da ke kudu maso yamma.

Zanen ɗigo da fentin zamani daga Papunya ya taso a 1971, wani ƙauye a hamadar tsakiya, kimanin kilomita 240 daga Alice Springs. Tsakanin Perth da Papunya ya fi ninki biyu na tsakanin Kano da Legas. Kuma ɗigon ba ado ba ne kurum. Kowane zane labarin wani wuri ne, akwai dangin da ke da haƙƙin zana shi, har ma masu zanen sun riƙa amfani da ɗigon su lulluɓe abin da bai halatta bare ya gani ba. Yaro ya kwafo alamomin daga intanet ya jera a faranti, ya ɗauki kayan mutane ke nan bai sani ba.

Didgeridoo kuma na can arewa ne. Mutanen Yolngu na Arnhem Land yidaki suke ce masa, da itacen da gara ta rarake ake yin sa, kuma a al'ummomi da dama mata ba sa busa shi. Rabin ajinki mata ne. Bututun nan a mayar wa mai gyaran famfo. Damper da sauƙi, ana iya yin sa, amma garin alkama da rabon abincin gwamnati da na mishan da na gonakin Turawa ya shigo, don haka darasin tarihi ne, ba "abincin gargajiya" ba.

Batun neman dattijo, ki bi ta hannun AIEO ɗin. Ita ta san iyalan unguwar, ta san wanda aka yarda ya yi magana a kan yankin. Kada ki tsinto suna a intanet ki buga waya. Akwai iyalan da ba sa ga maciji da juna a kan wa ke da bakin magana, kada makaranta ta faɗa tsakaninsu. In ba ta da wanda za ta haɗa ki da shi, sai a tuntuɓi ƙungiyar mutanen Whadjuk, wato Whadjuk Aboriginal Corporation. A nemi mutum da saura mako shida zuwa takwas, a kuma ajiye rana ta biyu tun farko, domin in aka yi rasuwa a cikin dangi komai tsayawa yake yi, wani lokaci har makonni. Mu ma mun san zaman makoki, ba sai an yi mana bayani ba. Girmamawar da ake yi wa dattawa a can ita ce a kira su Anti ko Onkul, amma ki tambayi mutum yadda yake so a kira shi.

Dattijo masani ne, a biya shi kamar kowane ƙwararre, a kuma yanke kuɗin a rubuce kafin ranar. Inda ake yawan jin kunya shi ne ofishin kuɗi. Za su nemi lambar ABN, wato lambar rajistar kasuwanci ta Ostareliya. In ba shi da ita, doka ta ce a riƙe kashi 47 cikin ɗari na duk biyan da ya wuce dala 75, sai dai in ya cike fom ɗin hukumar haraji da ke nuna ba sana'a ya mai da abin ba. A kai masa fom ɗin tun ranar da aka gayyace shi, ba bayan ya gama aiki ba.

A taron makaranta kada a gauraya abu biyu. Welcome to Country marabar masu ƙasa ce, dattijon Whadjuk kaɗai ke yin ta. Acknowledgement of Country kowa na iya yi, girmama masu ƙasa ce. Maimakon yara su haddace wadda aka buga a kati, su rubuta tasu: sunan Whadjuk Noongar, kalmar boodja, wato ƙasa, da abu ɗaya da suka gani da idonsu a harabar makaranta.

Ranaku kuma: 26 ga Mayu ranar tunawa da yaran da aka raba da iyayensu, 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni makon sulhu. Makon NAIDOC, na bikin tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasar, daga Lahadin farko ta Yuli yake farawa, yawanci a cikin hutu yake faɗawa, shi ya sa aka ce ku yi naku kafin a tashi.

Malamin Kimiyya

Baba Hedimasta ya share fili, bari in zuba kimiyya a kai.

Malama, kin yi sa'ar zango. Noongar yanayi shida suke lissafawa: Birak, Bunuru, Djeran, Makuru, Djilba, Kambarang. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, littafin makaranta ya ce yanayi huɗu irin na Turai, manomin Katsina kuwa damina da kaka da hunturu da bazara ya sani. Zangonki a Djeran yake farawa, lokacin da dare ya fara sanyi, raɓa ke sauka da asuba, jajayen furanni ke fitowa, ya ƙare a Makuru, mafi ruwa da sanyi, lokacin furanni masu shuɗi da shunayya. Ke nan yara za su ga sauyin da idonsu.

Ga yadda ake yi, da farko ma'aunin ruwan sama. A yanka gorar roba mai lita 2 daga inda ta fara tsukewa, a kifa saman a ciki ya zama mazurari. A zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta ka da ita, a zuba ruwa ya rufe tsakuwar, nan ne sifili, a ɗaure rula daga nan. A karanta kullum ƙarfe 9 na safe, lokacin da hukumar yanayi ta ƙasa ke karanta nata, don a iya kwatantawa. Ma'aunin zafi a inuwa, kimanin mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa. Yara 28, rukuni bakwai na mutum huɗu-huɗu, kowane rukuni da bishiya ko tsiro ɗaya da zai riƙa dubawa sau ɗaya a mako, minti goma, hanya ɗaya kullum.

Abin da ke ɓata lissafi: gorar da aka ajiye kusa da bango ko ƙarƙashin bishiya ba ta samun ruwan gaskiya. Ta filin wasa kuma mayayyafin ciyawa ke cika ta da dare, sai yara su rubuta an yi ruwa milimita 12 alhali ko ɗigo bai sauka ba. Na Litinin ruwan kwana uku ne, a yi masa alama ta daban a jadawali. In kuma ba a maida ruwan kan sifili kullum ba, rana ta shanye wani, lissafin gobe ya kauce.

A mako na tara ki yi musu tambaya ɗaya: a wane mako Makuru ya shigo? Kalandar bango za ta ce Yuni, amma watannin nan kusantarwa ce kawai, dattawa da alamu suke ganewa. Yara su yi gardama da jadawalinsu a hannu. Wannan ce tambayar da za a ajiye wa dattijo in ya zo.

Na biyu, tarkon kifi. Akwai na duwatsu a Oyster Harbour kusa da Albany, na mutanen Menang, wanda ke aiki da cikar teku da janyewarta. Akwai shingen itace da aka riƙa kafawa a Barragup a kogin Serpentine, kusa da Mandurah. Don kwatance kuma akwai Budj Bim na mutanen Gunditjmara a jihar Biktoriya, magudanan kama kifi mai kamar maciji da suka kai aƙalla shekara 6,600, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019.

Kowane rukuni: tire na roba mai zurfi, kamar santimita 60 da 40, yashi a shimfiɗe da gangara daga santimita 5 a gefe ɗaya zuwa 1 a ɗaya gefen, tsakuwa 40 zuwa 50 masu girman babban yatsa, ruwa lita 4, da tiyo siriri na rabin mita don zuƙe ruwan ta gefen mai zurfi. Kifi iri biyu: gutsattsarin toto guda 10 manya, da ƙananan duwatsun ado na roba masu yawo a kan ruwa guda 10. A gina katanga, a cika ruwa a hankali ta kan tafin hannu, a watsa kifin, a janye ruwan, a ƙirga nawa suka maƙale. A gwada siffa uku, miƙaƙƙiya, mai lanƙwasar jinjirin wata, da mai baki kamar mazurari, kowace sau uku, a fitar da matsakaici. Lissafi ya shigo ke nan.

Kuskuren da kusan kowane rukuni ke yi shi ne su gina katanga ta fi ruwan tsawo, sai su ɗauki kifi da hannu su sa a ciki. Dabarar duka ita ce katangar ta nutse in teku ta cika, ta fito in ta janye. Ki bar su su yi kuskuren, kada ki riga su. Kifin kan kuma manne a jikin tire ya ƙi motsi, ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke ya warware wannan. Ƙananan kuma za su sulale ta tsakanin tsakuwa, yara su ce tarkon ya lalace. Nan za ki tambaye su: in ana son a sami kifi baɗi, wanne ya kamata ya tsere?

Emu ta sama, wato jiminar Ostareliya da ake gani a baƙaƙen wuraren da ke cikin farin zirin taurari, kanta dab da taurarin Southern Cross masu siffar gicciye, fitilun Perth sun shafe ta. A nuna ta a manhajar kallon taurari ta Stellarium. Bayanin da aka fi rubutawa na mutanen Gamilaraay ne na New South Wales, cewa a Afrilu da Mayu tana kamar tana gudu, lokacin da emu ke fara ƙwai. A faɗa wa yara na wa ne, kada a lanƙaya wa Noongar.

Malama Mai Zane

'Yar'uwa, in aka cire ɗigo ba a rasa zane ba. Noongar suna da nasu, kuma yara ne sa'o'in naki suka kafa shi.

A Carrolup, wani sansanin gwamnati kusa da Katanning, a ƙarshen shekarun 1940, yaran Noongar da aka raba da iyayensu sun riƙa zana daji da allin launi: faɗuwar rana, baƙaƙen itatuwa, kangaru a bakin ruwa. Malaminsu Noel White kan fita da su yawo cikin daji da yamma, washegari su zana abin da suka gani. An nuna zanen har Landan. Daga baya sama da 120 suka ɓace, sai a 2004 aka gano su a ɗakin ajiyar jami'ar Colgate a Amurka, aka dawo da su jami'ar Curtin da ke Perth a 2013. Suna nan kusa da ku, ki tambayi gidan zanen jami'ar yadda makarantu ke ziyara.

Abin da ajinki zai ɗauka hanyar ce, ba hotunan ba: a fita, a duba, a dawo, a zana. Takarda A3 mai ɗan kaushi, allin launi mai laushi, gawayi. Sama ake fara yi, launi uku daga ƙasa zuwa bisa, a murza da yatsa. Sai tuddai na nesa da launi mara ƙarfi. Baƙaƙen itatuwa su ne na ƙarshe. Wanda ya fara da baƙi, hannunsa zai shafe shi cikin sama, hoton ya koma toka. Wanda ya danna alli da ƙarfi tun farko ya toshe kaushin takardar, launi na biyu ba zai kama ba. Maganin feshin da ke riƙe alli a fesa shi a waje bayan yara sun tashi, saboda masu asma. A bango a rubuta "Harabarmu a Djeran, bayan mun koyi labarin yaran Carrolup." Kada a rubuta "zanen Aborijin", ba shi ba ne. Shafa wa yara jar ƙasa a fuska kuma a bar shi, na biki ne, yana da masu shi.

Damper: kofi 3 na garin alkama mai haɗe da hodar tashi, gishiri kaɗan, ruwa kofi 1 da ɗan ƙari, babban cokali 1 na gasasshen irin wattle, wata bishiya dangin bagaruwa, da aka saya a shago. A haɗa sama-sama, in aka murza shi kamar burodi tauri yake yi. Murhu digiri 200, minti 30, in aka ƙwanƙwasa gindinsa ya yi ƙarar kwarya ya gasu. Kafin nan, a ba kowane rukuni kofin tsabar alkama da ɗan turmi su daka minti goma, su tankaɗe, su auna garin da suka samu. In suka ga abin bai taka kara ya karya ba, za su gane aikin da ke cikin niƙa iri a kan dutse, su kuma gane abin da ya canja da buhun gari ya zo.

Doka ɗaya ba sassauci: ba a cin abin da aka tsinko. Tsiron zamia na da jajayen 'ya'ya masu ban sha'awa, tana nan a dazukan Perth, guba ce. Noongar sun san yadda ake jiƙa ta a binne ta har dafin ya fita, kamar yadda ake yi wa rogo mai ɗaci. Matuƙan jirgin ruwan wani ɗan Holan mai suna de Vlamingh ba su sani ba, suka ci a 1697, suka kwana suna amai. A duba takardun lafiyar yara kuma: alkama, macadamia, da irin wattle, wanda dangin wake ne, a tambayi iyayen mai rashin jituwa da gyaɗa.

Malamar Aji Biyar

Allah ya saka da alheri. To ga inda gabana ke faɗuwa. Labarin Carrolup ba ya faɗuwa sai an faɗi yadda aka kwashe yara, kuma yana cikin tarihin aji shida. Yaya zan yi da yaran nan biyu? Sannan me zan ba maki a kai?

Malamar Tarihi

Tsoronki a kan hanya yake, Malama. Dokar 1905 ta Ostareliya ta Yamma ta mai da wani jami'in gwamnati waliyyin kowane yaron Aborijin da bai kai shekara 16 ba, ko da iyayensa na raye. A. O. Neville ya riƙe wannan kujera daga 1915 zuwa 1940. An buɗe sansanin Moore River, ɗaya daga wuraren da ake kai yaran da aka kwashe, a 1918. Kwashe yara ya ci gaba har cikin shekarun 1970, rahoton bincike a kan kwashe yaran, Bringing Them Home, ya fito a 1997, Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu, 2008. Ki yi lissafi: kakar yaron da ke zaune a gabanki na iya kasancewa cikinsu.

Saura mako biyu a aika wa duk iyaye takarda, me za a koyar, wace rana. Iyalai biyun kuma a kira su ta bakin AIEO, ba takarda kaɗai ba, a tambaye su yadda suke so: yaro ya zauna, ko ya zauna kusa da ƙofa da izinin fita ba tare da ɗaga hannu ba, ko wani daga gida ya zo. Kafin a nuna hoto ko bidiyo a sanar cewa akwai waɗanda suka rasu a ciki, domin a wasu al'ummomin ganin hoton mamaci ko jin sunansa abu ne mai nauyi.

Abu biyu kada a yi. Wasan kwaikwayon ɗan sanda na fizge yaro, da "ka rubuta wasiƙa kamar kai ne aka sace". Na farko dariya yake komawa, na biyu kuma yara 26 ke wasa da abin da yake gaskiya a gidan biyu. A ba su shaida ta gaske su karanta, sakin layi na dokar 1905, hoto ɗaya na Carrolup, wani yanki na jawabin 2008, su amsa: wa ya rubuta, don wa, muryar wa babu a ciki?

Kada ki juya ki kalli yaran biyu duk lokacin da aka ambaci Noongar, kada ki ce "gaya mana yadda kuke yi." Yaro ɗan shekara 11 ba kakakin ƙabila ba ne, wani ma abin da aka raba danginsa da shi ke nan. In ya kawo da kansa, a karɓa.

A gyara kuskure biyu da ke yawo a kan ƙuri'ar raba gardama ta 27 ga Mayu, 1967, wadda kashi 90.77 cikin ɗari suka amince. Ba ita ta ba Aborijin 'yancin zaɓe ba, na tarayya tun 1962 aka ba su. Kuma ba a taɓa yin wata doka da ta lissafa su cikin dabbobi da tsirrai ba. Abin da ta yi shi ne a riƙa ƙirga su cikin jama'ar ƙasa, gwamnatin tarayya kuma ta sami ikon yin doka a kansu.

Ki kula da harshenki ma: "Noongar suna", ba "Noongar sun kasance" ba. Kada darasin ya tsaya a sansani. Ken Wyatt, wanda mahaifiyarsa na cikin yaran da aka kwashe, malamin firamare ne a da, ya ci kujerar Hasluck a nan gabashin Perth a 2010, Aborijin na farko a majalisar wakilai ta tarayya, kuma da booka, mayafin fatar kangaru, ya yi jawabinsa na farko.

Bayan darasi mai nauyi a yi zaman da'ira, wanda suke kira yarning. Mutum 28 sun yi yawa, a raba 14-14, ke da AIEO. Minti 15 zuwa 20, kowa a ƙasa har malama, abu ɗaya a hannu yana zagayawa, mai riƙe da shi ke magana, wanda ba ya so ya miƙa gaba. Abin da ke kashe shi shi ne malama ta riƙa cewa "madalla" ko ta yi gyara bayan kowane yaro, nan take ya koma tambaya da amsa.

Maki kuma a kan abin da manhaja ta nema: jadawalin ruwa, gwajin tarko, karanta shaida. Zaman da'ira da kalaman girmama masu ƙasa ba a ba su maki.

Malamin Wasanni

A gafarce ni, ku duka kun zaunar da yaran nan. Littafin Yulunga na hukumar wasanni ta Ostareliya kyauta ne a intanet, wasanni sama da 100, kowane da sunan mutanen da aka samo shi wurinsu. Akwai na Noongar: meetcha boma, irin ƙwallon gora, da 'ya'yan itace da lanƙwasasshiyar sanda ake yin sa a da. A makaranta ƙwallo mai laushi da sandunan soso, mutum 7-7, fili biyu masu mita 30 da 20 don kowa ya shiga lokaci ɗaya, minti 5 a huta. Sanda ba ta wuce ƙugu. Kada a ce za a yi da ɗan itacen gaske don ya fi asali, tauri gare shi kamar dutse, kuma ido yake nema. Kafin a busa usur yaro ɗaya ya faɗi sunan wasan da masu shi.

Ban yarda da Malamin Kimiyya ba a abu ɗaya, na ajiye dattijo sai mako na tara. A kawo shi a mako na biyu ko na uku ya zaga harabar da yara, shi zai nuna musu bishiyar da ta cancanci dubawa, in ba haka ba rukuni uku za su shafe zango suna kallon itacen da aka kawo daga wata ƙasa. In kuɗi ya isa, ya dawo a na tara.

Ranar taro a ajiye masa kujera a gaba da shayi, a tura mota in ba shi da abin hawa. Izinin ɗaukar hoto daban, izinin naɗar muryarsa daban, izinin sa shi a shafin Facebook na makaranta daban. Labarin da ya ba yara a harabar makaranta ba a juya shi a takarda a sa cikin fayil don ajin baɗi, sai in shi ya ce a yi.